Nazarin tafiya

Nazarin tafiya hanya ce da ma'aikatan lafiya ke bi wajen duba yadda mutum yake taka ƙasa da yadda sauran gaɓoɓinsa suke motsi yayin da yake tafiya, domin gano musabbabin ciwon ƙafa, gwiwa, ƙugu ko baya, da kuma zaɓen maganin da ya dace. Waɗanda suka fi amfani da shi su ne likitocin ƙashi, da likitocin gashin ƙashi da ake kira likitocin fisiyo, da masu ƙera ƙafar roba. Tushen wannan fanni shi ne cewa gaɓoɓin ƙafa a haɗe suke kamar sarƙa, don haka wurin da ke ciwo ba lallai ne ya zama shi ne wurin da matsalar ta faro ba. Ana yin nazarin a manyan ɗakunan gwaji masu na'urori, ana kuma iya yin sa da ido da agogo kawai a ƙananan asibitoci irin na karkarar Karaye da Rogo a yammacin Jihar Kano.

Kalmomin tafiya a Hausa

Harshen Hausa yana da kalmomi da dama da ke bambance salon tafiya. Akwai ɗingishi, wato tafiyar mai kare ƙafa ɗaya. Akwai tangaɗi, na wanda ya kasa daidaita jikinsa. Akwai jan ƙafa, da ɗage, da sanɗa, da sassarfa. Tafiyar yaro ta farko ita ce tatata, bayan ya gama rarrafe. Wasu kalmomin kamar taƙama da rangaji hali ko ado suke nunawa, ba cuta ba.

Sai dai a ɗakin likita wasu kalmomin suna da faɗi da yawa. Kalmar "ƙafa" tana ɗaukar tun daga cinya har zuwa yatsu. Kalmar "jijiya" kuma tana nufin hanyar jini, tana nufin igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, tana kuma nufin zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka. Haka nan ana jingina ciwuka iri-iri ga "sanyi". Saboda haka ne ma'aikacin lafiya kan ce wa majinyaci ya nuna wurin da yatsa ɗaya, sannan ya tashi ya yi tafiya a gabansa.

Tarihi

Aristotle, masanin ƙasar Girka, ya yi rubutu kan motsin dabbobi tun a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A shekarar 1680 aka fara buga littafin Giovanni Borelli na ƙasar Italiya, wanda ya kwatanta ƙashi da tsoka da ma'aunin lissafi. A shekarar 1836 'yan'uwa biyu Jamusawa, Wilhelm Weber da Eduard Weber, suka wallafa bincike kan tafiyar ɗan'adam ta hanyar awon lokaci da tsawon taku.

Zuwan hoto ya sauya fannin. A shekarar 1878 Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a Kalifoniya ta Amurka ya ɗauki doki yana gudu, hotunan suka nuna akwai lokacin da ƙafafunsa huɗu duk suke barin ƙasa, abin da ido ba ya iya kamawa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Verne Inman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya suka zurfafa bincike domin ƙera ƙafafun roba ga sojojin da aka yanke wa ƙafa. Likita Jacquelin Perry, wadda ta daɗe tana kula da masu shan inna, ta fitar da littafinta kan nazarin tafiya a shekarar 1992, kuma har yanzu ana koyar da rabe-rabenta.

Zagayen taku

Ana kiran abin da ke faruwa daga lokacin da dunduniyar ƙafa ɗaya ta taɓa ƙasa zuwa lokacin da ta sake taɓawa da zagayen taku. Ya kasu kashi biyu:

Lokacin taka ƙasa: kusan kashi 60 cikin 100 na zagayen. Dunduniya ce ke fara sauka, sai tafin ƙafa ya shimfiɗu ya karɓi nauyin jiki, sai dunduniya ta ɗaga, daga ƙarshe yatsu, musamman babban yatsa, su tura jiki gaba.

Lokacin ɗaga ƙafa: kusan kashi 40 cikin 100. Gwiwa tana lanƙwashewa har kusan digiri 60, tsokar gaban ƙwauri kuma tana ɗaga yatsu, su wuce ƙasa da tazarar santimita 1 zuwa 2 kacal. Ƙanƙantar wannan tazara ce ta sa ɗan rauni kaɗan ke jawo yawan tuntuɓe.

A cikin kowane zagaye akwai lokuta biyu da ƙafafu biyu ke ƙasa tare, jimillarsu kusan kashi 20 cikin 100. Idan mutum ya tsufa ko yana tsoron faɗuwa, wannan lokaci yakan ƙaru. A wajen gudu kuwa babu shi sam, kuma shi ne bambancin tafiya da gudu.

Baligi mai lafiya yana tafiyar mita 1.2 zuwa 1.4 a daƙiƙa ɗaya, da taku 100 zuwa 120 a minti. A kowane taku ƙafa tana ɗaukar abin da ya ɗan haura nauyin jiki, a gudu kuma ninki 2 zuwa 3. Ƙafa daga idon sawu zuwa yatsu tana da ƙasusuwa 26 da mahaɗai 33. Tun da ana maimaita taku sau dubbai a rana, ƙaramin kuskure a yadda nauyi ke sauka yana iya taruwa ya zama ciwo bayan watanni ko shekaru.

Yadda ake yin nazarin

Tambayoyi. Ana fara tambayar inda ke ciwo, yaushe ya fara, da lokacin da ya fi tsanani. Ana tambayar sana'a, da tsohuwar karaya ko targaɗe, da ciwon suga ko sikila, da ko an yi wa mutum allura kafin ƙafar ta canza.

Duba a tsaye. Majinyaci yana cire takalmi, a naɗe wando ko a ɗan ɗage zani zuwa gwiwa. Ana duba ko kafaɗu da ƙugu sun daidaita, ko gwiwoyi sun haɗe ko sun buɗe, da ko tsakiyar tafin ƙafa ta kwanta a ƙasa. Ana sa shi ya tsaya da ƙafa ɗaya. Idan ƙugu ya zube ta ɓangaren ƙafar da aka ɗaga, tsokar gefen ƙugun da ya tsaya a kai tana da rauni. Likitan Jamus Friedrich Trendelenburg ne ya bayyana wannan alama a shekarar 1895, kuma da sunansa ake kiran ta.

Duba a tafe. Majinyaci yana kai da komo a fili mai tsawon kamar mita 10, ana kallonsa ta gaba, ta baya da ta gefe. Mai duba yana bin gaɓa ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa zuwa sama. Kunne ma yana aiki, domin sautin takun da bai daidaita ba ko ƙarar faɗuwar tafin ƙafa suna ba da labari. Ana kuma sa shi ya yi tafiya a kan dunduniya, sannan a kan yatsu.

Duba takalmi da fata. Tsohon takalmi shaida ne na tafiyar watanni. Cinyewar gefen waje na dunduniya kaɗan abu ne da aka saba gani. Idan kuwa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya cinyewa sosai, ko bakin takalmin ya goge, akwai abin bincike. Wurin da fata ta yi kanta shi ne wurin da nauyi ya fi sauka.

Awo da agogo. Akwai gwajin da aka wallafa a shekarar 1991, inda mutum zai tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ɗaukar dattijon da ya kai daƙiƙa 12 ko fiye a matsayin mai haɗarin faɗuwa. Akwai kuma awon saurin tafiyar mita 10, da awon nisan da mutum zai iya yi cikin minti 6.

Na'urori. A manyan ɗakunan gwaji ana manna ƙananan alamomi a gaɓoɓi, kyamarori su bi motsinsu, kwamfuta ta lissafa kusurwar kowace gaɓa. Ana binne faranti mai auna ƙarfi a daɓe, ana kuma auna lokacin da kowace tsoka ke aiki. An fi amfani da wannan kafin a yi wa yara masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke sandarar da gaɓoɓi tiyata. Inda babu waɗannan, bidiyon wayar hannu da aka rage wa sauri yana taimaka wa ido, yana kuma ba da damar kwatanta tafiyar mutum kafin magani da bayansa.

Nau'o'in tafiya da abin da suke nunawa

Ɗingishin ciwo: mutum yana gaggauta ɗauke ƙafar da ke ciwo daga ƙasa. Ƙaya, targaɗe, tsagewar ƙashi ko amosanin gaɓoɓi duk suna kawo shi.

Faɗuwar tafin ƙafa: yatsu sun kasa ɗagawa, sai mutum ya riƙa ɗaga gwiwa sama kamar mai hawa matakala. Silifa takan riƙa suɓucewa. Ana ganin haka bayan shan inna, kuturta, matsewar jijiya a baya, ko allurar da ta taɓa babbar jijiyar ɗuwawu.

Karkata gefe: jiki yana rinjaya zuwa ɓangaren ƙugun da ke da rauni a kowane taku. Ga matashi mai sikila, wannan na iya nuna kan ƙashin cinya ya fara lalacewa saboda ƙarancin jini.

Dafa cinya: mai raunin tsokar gaban cinya yana danna cinyarsa da hannu don kada gwiwa ta karye masa. Sananniyar alama ce ga waɗanda shan inna ya taɓa.

Zagayo da ƙafa: bayan shanyewar ɓarin jiki ƙafa takan sandare, mutum ya riƙa jefa ta gefe tana zagayowa, hannun wannan ɓangare kuma a naɗe.

Gajeriyar ƙafa: kafaɗa tana nutsawa gefe ɗaya a kowane taku. Yakan biyo bayan karayar da ta haɗe a karkace.

Daga tafiya zuwa magani

Amfanin nazarin yana fitowa ne idan aka haɗa abin da aka gani da wurin ciwon. Misali, idan agara da tsokar sha-raɓa suka ɗaure, idon sawu ba ya lanƙwashewa yadda ya kamata, sai dunduniya ta riƙa ɗagawa da wuri, nauyi ya taru a kan jijiyar tafin ƙafa. Sakamakon shi ne ciwon dunduniya mai tsanani a takun farko na safiya. Maganinsa ya haɗa da miƙar da sha-raɓa kullum, sa takalmi mai laushin ciki da rage tsayuwa mai tsawo, kuma yawancin masu shi suna samun sauƙi cikin shekara guda. Haka nan, raunin tsokar gefen ƙugu yana barin gwiwa ta faɗa ciki, ciwo ya fito a gaban gwiwa, alhali ƙugu ne ke buƙatar motsa jiki. A wajen yara kuma, ciwon ƙugu yakan bayyana a matsayin ciwon gwiwa.

Sauran hanyoyin gyara sun haɗa da ƙara tsayin takalmi ga mai gajeriyar ƙafa, musamman idan bambancin ya haura santimita 2, da takalmin roba mai riƙe idon sawu ga mai faɗuwar tafin ƙafa, da tiyata idan ƙashi ya karkace. Sanda ma tana da ƙa'ida: ana riƙe ta a hannun da ke kishiyar ƙafar da ke ciwo, a kai ta gaba tare da ƙafar mai ciwon. Mutane da yawa suna riƙe ta a ɓangaren ciwon, wanda hakan ke rage amfaninta.

Tafiyar yara

Yawancin yara suna fara tafiya su kaɗai tsakanin wata 9 zuwa 18. Ƙafafu masu lanƙwasa kamar baka abu ne da aka saba gani har zuwa shekara 2. Daga nan gwame yakan bayyana, ya fi fitowa a shekara 3 zuwa 4, ya daidaita wajen shekara 7. Shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa ma ba cuta ba ne ga ƙaramin yaro in dai ba ya ciwo.

Abin da ke buƙatar asibiti shi ne lanƙwasar da ke ƙaruwa, ko ta ƙafa ɗaya, ko wadda ta zo da kumburin wuyan hannu da rashin girma, domin alamun laushin ƙashi ne. Wani bincike da aka yi a Jos aka wallafa a shekarar 1999 ya nuna cewa ga yaran Najeriya da aka duba, ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban dalilin wannan cuta.

Akwai kuma jariran da ake haifa da tafin ƙafa a murɗe zuwa ciki, kimanin 1 cikin 1,000. Hanyar da Ignacio Ponseti ya ɓullo da ita a Jami'ar Iowa ta Amurka tana gyara yawancinsu ba tare da babbar tiyata ba: ana miƙar da ƙafar a hankali a ɗaure ta da filasta, a sauya kowane mako kamar sau 5 zuwa 8, sau da yawa a ɗan yanka agara, sannan yaro ya riƙa sa takalmi mai sandar ƙarfe, da farko kusan dare da rana na wata 3, daga baya lokacin barci har shekara 4 zuwa 5. An fi samun nasara idan aka fara a makonnin farko. Yaron da aka bari zai taso yana taka gefen ƙafarsa.

A Karaye da Rogo

Karaye da Rogo ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a yammacin Jihar Kano, kuma Rogo ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna. Yawancin mazauna yankin manoma ne da makiyaya, akwai kuma noman rani da kamun kifi a kewayen madatsar ruwa ta Challawa da ke Karaye. A irin wannan rayuwa ƙafa jari ce. Manomin da ƙafa ta kwantar a tsakiyar damina yana iya rasa noman shekarar.

Ayyukan yau da kullum suna da tasiri a kan ƙafa: tafiya a kan kunyoyi, doguwar sunkuyo da fartanya, shiga fadama ba takalmi, bin dabbobi kiwo, da ɗaukar ruwa ko itace a ka. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 1986 kan matan Luo da Kikuyu na Kenya ya gano suna iya ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu ba tare da ƙarin kashe ƙarfi ba, saboda salon tafiyar da suka saba. Wannan ya nuna cewa dole mai duba ya san aikin mutum da al'adarsa kafin ya ce tafiyarsa ba daidai ba ce. Kaushi da faso ma suna sauya taku, musamman lokacin hunturu.

Idan aka samu karaya ko targaɗe, ciki har da na haɗarin babur, mutane da yawa a ƙasar Hausa suna fara zuwa wurin maɗori, sana'ar da ake gada tun kaka da kakanni. Wasu karayoyin suna haɗewa lafiya. Wasu kuma suna haɗewa a karkace ko a gajarce, kuma ɗauri mai tsanani yana iya tare jini har ƙafa ta ruɓe. Duba tafiya bayan an kwance ɗori yana nuna wanda ke buƙatar hoton ƙashi.

Jihar Kano ta sha fama da shan inna, musamman bayan dakatar da rigakafi a shekarar 2003. An ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji ranar 25 ga Agusta, 2020, amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan, kuma ƙafarsu mai lafiya da kafaɗunsu sukan fara ciwo bayan shekaru saboda nauyin da suke ɗauka.

Manyan cibiyoyin da ake tura masu irin waɗannan matsaloli suna cikin birnin Kano: Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa a shekarar 1959, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Jami'ar Bayero tana horar da likitocin fisiyo. Zuwa birni daga ƙauyukan Rogo ko Karaye yana cin kuɗin mota da ranar aiki, shi ya sa dubawar farko a asibitin kusa take da muhimmanci: da ita ake rarrabe wanda motsa jiki da sauya takalmi za su isar masa da wanda jinkiri zai iya jawo masa gurgunta.

Alamomin da ba sa jira

Ana buƙatar zuwa asibiti da gaggawa idan yaro ya ƙi taka ƙafa kuma yana da zazzaɓi. Idan ƙafa ta shanye bayan allura. Idan ɓarin jiki ya yi rauni kwatsam ko baki ya karkace. Idan sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi. Idan yatsu suka yi sanyi ko baƙi bayan ɗori. Ko idan ciwon baya ya zo da kasa riƙe fitsari. Mai ciwon suga kuma ƙafarsa na iya daina jin zafi, ya taka ƙusa bai sani ba, don haka ake so ya duba tafin ƙafarsa kullum, ya daina tafiya ba takalmi, ya kuma kai kowane gyambo asibiti.

Iyakokin nazarin

Babu salon tafiya guda da ya zama daidai ga kowa. Mutane da yawa suna da shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa ko ɗan bambancin tsawon ƙafa ba tare da wani ciwo ba. Ma'aikata biyu suna iya kallon mutum ɗaya su saɓa, kuma mutum yakan gyara tafiyarsa idan ya san ana kallonsa. Ba koyaushe ake iya tantance ko salon tafiyar ne ya kawo ciwon ko ciwon ne ya sauya tafiyar ba. Bincike kan masu wasan gudu kuma bai tabbatar da cewa zaɓen takalmi bisa siffar tafin ƙafa yana hana rauni ba, duk da cewa shagunan takalma a Turai da Amurka suna tallata hakan. Saboda waɗannan dalilai, likitoci suna haɗa nazarin tafiya da bayanin majinyaci, da taɓa gaɓoɓi da hannu, da hoton ƙashi ko gwajin jini idan akwai buƙata.